Wayar Madam da Karatun 'Yan Jardan

Gaisuwa ga mutanen Dogo, na bakin kwalta da na cikin garakan Korama, da masu kama mu daga Guna, Waca, Bande, Mirya da birnin Damagaram. Shirinmu na yau na iyayen ƙananan yara ne, da malaman jardan, da 'yan kwamitin lakwal. Wanda yake kusa da rediyo ya ɗan ƙara murya, don wadda take bakin murhu ita ma ta ji, maganar ta fi shafarta.

Kun san yadda ake yi idan an tashi daga lakwal. Uwa ta zo ɗaukar yaro, ta gaida madam, ta ce, "Madam, yaya ɗan naki?" Madam ta ce, "Ai yana ƙoƙari, alhamdu lillahi." A yi dariya, a rabu. Uwa ba ta ƙaru da komai ba, kuma ba laifin madam ba ne. Mace ɗaya ce a gaban yara 50 ko 60, wannan na kuka, wancan ya ɓatar da takalmi, waccan tana jin fitsari. Zuwa azahar, in ka ce ta faɗa maka wane yaro ne ya iya ƙirga biyar, wane ne yake riƙe alli da dunƙulallen hannu har yanzu, za ta tuno huɗu ko biyar, masu surutu da masu rigima. Na tsakiya, masu shiru, sun shige. A kansu ne muke magana yau, da kuma wata dabara da ta bazu a duniya, ta amfani da manhajar waya ko kwamfuta don shirya darasin yara da rubuta abin da kowane ya koya.

Kafin mu je ƙasashen waje, mu fara da gida, domin Dogo tana da tarihi a wannan fage, ko da yake ta ɓangaren lafiya ne. Daga shekarar 2013 zuwa 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun yi wani gwaji a yankunan kiwon lafiya biyu na gundumar Mirya. A Takieta aka bar aikin gano yara masu tamowa a hannun ma'aikatan sa kai, kamar yadda aka saba. A nan Dogo kuwa, aka koya wa iyaye mata sama da 12,000 yadda za su auna damtsen 'ya'yansu da kansu, da ɗan zaren awon nan mai launi uku: tsanwa lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja a garzaya likita. Da yawa cikin masu saurarenmu suna cikin waɗanda aka koya wa. Da aka buga sakamakon a 2016, an ga cewa yaran Dogo sun fi zuwa likita da wuri, waɗanda ciwo ya kai su ga kwanciya asibiti sun fi kaɗan, kuma kuɗin da aka kashe bai kai na ɗaya yankin ba. Daga baya ƙasashe da dama suka ɗauki wannan tsari.

Me ya sa abin ya yi aiki? Zaren ba shi da batir, ba ya neman rezo, ba ya neman wanda ya iya Faransanci. Yana hannun wadda take ganin yaron kullum. Kuma kowane launi yana da abin da ake yi a kansa. Ku riƙe wannan na ƙarshe, domin da shi za mu auna kowace manhaja da za a kawo mana: in an rubuta, sai me?

(Kiɗa)

To, mece ce wannan manhaja ta kula da yara? Akwai su da yawa. Akwai Storypark daga ƙasar Niyuzilan, akwai Tapestry daga Ingila, akwai Brightwheel daga Amurka. Aikinsu kusan iri ɗaya ne. Kowane yaro yana da shafinsa. Malama ta ga yaro ya yi wani abu da ya ja hankalinta, ta ɗauki hoto ko ta rubuta layi biyu, ta danna ɓangaren da abin ya shafa: magana ce, ƙirga ce, motsin hannu ne, ko zama da 'yan uwa. Manhaja ta ajiye a shafin yaron da kwanan wata. Bayan wata uku, in an buɗe shafin, za a ga tafiyarsa tun daga ranar farko. Za a kuma ga gurbi: ga yaron da ba a rubuta komai a kansa ba tun Oktoba, ga ɓangaren da aka yi wata guda ba a taɓa ba. Iyaye suna gani a tasu wayar, su ma su ƙara abin da suka lura da shi a gida. Wasu manhajojin har da kiran suna, da lissafin kuɗin makaranta, da abin da yaro ya ci.

Amma dabarar ta girmi waya nesa ba kusa ba. A garin Reggio Emilia na Italiya, bayan yaƙin duniya na biyu, iyaye da wani malami, Loris Malaguzzi, suka kafa makarantun yara inda malamai suke rubuta maganganun yara kamar yadda suka fito daga bakinsu, su manna a bango tare da zane-zanensu, su zauna su tattauna a kai kafin su shirya aikin gaba. A Niyuzilan, bayan an fitar da tsarin karatun ƙananan yara a 1996, wata farfesa, Margaret Carr, ta yaɗa hanyar rubuta ci gaban yaro a matsayin ɗan gajeren labari maimakon maki. Littafinta a kan haka ya fito a 2001, lokacin ba a san wayar shafa ba. Da alƙalami da takarda aka fara. Manhaja daga baya ta zo ta sauƙaƙa ajiya da aikawa.

Tambayoyi uku ne ginshiƙin abin. Me na gani? Me yake nufi? Me zan yi gobe?

Bari mu sauko da shi ƙasa, mu shiga aji. A ce madam ta baje tabarma a inuwa, ta zuba ƙwallayen dabino, ta kira wata yarinya 'yar shekara 5, ta ce, "Ƙirga mini waɗannan." Ƙwallaye shida ne. Yarinya ta fara, bakinta na gudu, ɗaya, biyu, uku, har goma, yatsanta kuma yana tsalle, ya taɓa wannan sau biyu, ya tsallake wancan. Madam ta ce, "To nawa ke nan?" Yarinya ta dubi fuskar madam, ta ce, "Goma."

Akwai hanya biyu ta rubuta wannan. Ta farko: "Ba ta iya lissafi ba." An rubuta, amma ba a ce komai ba, an dai ɗora wa yarinya suna. Ta biyu: "Ta haddace ɗaya zuwa goma a jere. Ba ta haɗa kowace lamba da abu ɗaya." Wannan rubutu shi da kansa ya faɗi darasin gobe. Yarinyar ba ta bukatar a ƙara rera mata lambobi, ta riga ta iya. Abin da take bukata shi ne ta ɗauki ƙwallo ɗaya, ta jefa a ƙoƙo, ta ce ɗaya, ta ɗauki wani ta jefa, ta ce biyu, hannu da baki su tafi tare. A fara da uku, in ya zauna a je biyar. A sa ta raba wa 'yan layinta alli, kowa guda. In madam ta duba rubutunta na mako ta ga yara takwas suna da irin wannan matsala, sai ta haɗa su rukuni ɗaya ranar Litinin, sauran ta ba su wani aiki.

Sannan ga abin da za a gaya wa uwa, wanda za ta iya yi ba tare da ta taɓa zama a aji ba. In za ki raba ƙosai da safe, ba ta ta raba, tana ƙirgawa. In awaki sun dawo da yamma, ta tsaya bakin garke ta taɓa kowace. In 'yan mata suna carafke, bar ta ta zauna cikinsu, akwai lissafi a ciki. Bayan mako biyu madam ta sake zuba ƙwallayen, ta rubuta layi na biyu a ƙarƙashin na farko. Layukan nan biyu, da kwanan watansu, sun fi buhun "yana ƙoƙari" amfani.

Wani zai ce wannan bidi'ar Turawa ce. Ba haka ba ne. Ku leƙa makarantar allo da asuba. Yara 40 suna karatu, kowa da inda yake, wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya shiga izu na biyu. Malam ba ya cewa yaro ya wanke sai ya biya masa ya ji ya zauna, kuma abin da za a rubuta masa gobe ya dogara ga abin da ya biya yau. Allon da ke hannun yaro shi ne shafinsa. Kakanninmu sun san cewa yara ba sa tafiya da taki ɗaya. Lakwal ce ta zo da tablo guda ga kowa.

(Kiɗa)

Yanzu ga kashedi, kuma daga wurin masu abin ya fito. A Ingila, manhajojin nan sun bazu har abin ya so ya wuce gona da iri. Malamai suka koma masu ɗaukar hoto. Yaro yana gina wani abu da itatuwa, yana neman wanda zai yi magana da shi, malama kuwa tana bayan allon waya tana neman kusurwa mai kyau, don a tara shaidar da za a nuna wa sufeto. Da aka gyara tsarin karatun ƙananan yara na ƙasar a watan Satumba na 2021, ɗaya daga cikin manufofin gyaran shi ne rage tarin takardu, aka kuma bayyana cewa auna ci gaban yaro bai kamata ya janye malama daga cikin yara na dogon lokaci ba. Su da suke da malama ɗaya ga yara ƙalilan ke nan. Ina ga namu?

A ganina, duk rubutun da ba zai canza abin da za a yi da yaro gobe ba, a bar shi. Hoto 200 a waya ba ilimi ba ne. Kuma kada wata madam ta ce za ta rubuta kowane yaro kullum, ba za ta kai Juma'a ba. A ɗauki yara biyar a rana, a sa musu ido na musamman, a rubuta bayan an tashi, ba a tsakiyar darasi ba. Cikin kwana 10 na lakwal an zagaye aji mai yara 50. Daga Oktoba zuwa Yuni kowane yaro zai samu layuka fiye da goma sha biyar. Ya isa.

Sai tambayar da na san tana bakin kowa: wannan abu zai yiwu a Dogo? Manhajojin da na ambata an yi su ne don inda intanet ba ya yankewa. Ana biyan kuɗinsu wata-wata ko shekara-shekara, da kuɗin waje, kuma da Ingilishi aka gina su. Suna ɗauka cewa kowace uwa tana da wayar shafa tata ta kanta, kuma tana karatu. Mu kuwa, a ƙauyuka da yawa, waya ɗaya ce a gida, tana aljihun maigida, maigidan kuma wataƙila yana ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya. Caji sai an kai wa mai sola an biya. Rezo wani wuri sai an hau tudu. In wani ya zo da kwali cike da allunan shafa ya ce ga ci gaba, ku tambaye shi wa zai biya kuɗin intanet bayan aikinsa ya ƙare, da kuma wa zai gyara in gilashi ya fashe.

Akwai abin da ya fi kusa da halinmu. Ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyi da kuke gani suna zagaya gidaje suna danna waya, yawancinsu da KoboCollect ko ODK suke aiki. Waɗannan ba don makaranta aka yi su ba, amma ana iya tsara musu kowace irin takardar cikewa, da kowane harshe, har da Hausa. Suna aiki ba rezo. Sai a cika, su ajiye a cikin waya, ranar da aka shiga inda akwai intanet su tura. Suna ɗaukar murya da hoto. Ofishin sufeto ko wani matashi da ya san kan kwamfuta zai iya tsara takarda mai tambaya biyar: sunan yaro, kwanan wata, ɓangare, abin da aka gani, abin da za a yi. Madam da rubutu a waya ke ba wahala sai ta danna ta yi magana. Amfanin wannan a kan takarda shi ne tattarawa: darakta ko mai ba malamai shawara zai iya ganin azuzuwa goma a zama ɗaya, ya san wace malama ce ke bukatar a je a taimaka mata. Kuma abin da aka tura ya tsira daga gara, da ɗigar damina, da gobara. Ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ta Yamai a watan Afrilu na 2021 ba, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, waɗanda suka ci rayukan ƙananan yara da dama, har gwamnati ta hana ajiye 'yan jardan a azuzuwan zana. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Inda babu ko wannan, kaye ɗaya mai kauri ya wadatar. Shafi biyu ga kowane yaro, suna a sama, a ja layi a raba gida uku, gida ɗaya ga kowace cikin tambayoyin nan uku. Wanda ya iya cika kaye da kyau, ranar da waya ta zo cikin mako guda zai saba. Wanda bai iya lura da yaro ba, ko an ba shi waya mafi tsada a kasuwar Dole ta Damagaram, "yana ƙoƙari" zai rubuta a ciki.

Kada kuma a raina ƙaramar salula mai maɓalli. A nan jiharmu aka gwada ta. A 2009 da 2010, ƙungiyar CRS tare da wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, sun shigar da koyon amfani da salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. Manyan da suka koyi rubuta saƙo a waya sun fi takwarorinsu samun maki a rubutu da lissafi. Bayan 'yan shekaru aka sake wani gwajin a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba a raba wa kowa sabon kaya ba. Abin da aka yi kawai, kowane mako a kira malamin aji, da maigari, da ɗalibai biyu, a tambaye su ko an yi karatu, mutum nawa suka zo. Wannan kira kaɗai ya ɗaga sakamakon ɗalibai. Manya ne, ba 'yan jardan ba, amma abin da ya nuna a fili yake: malami in ya san akwai mai tambaya, kuma akwai mai sauraren amsarsa, aikinsa yakan canza. To madam da take cika kaye ko waya, wa yake karantawa? In babu, wata biyu za ta yi ta daina, kuma da gaskiyarta.

(Kiɗa)

Akwai abubuwan da ido ba ya kamawa a rana ɗaya, sai rubutu ya taru. Kiran suna ma kaɗai yana magana. Yaron da yake fashi rana ɗaya tak kowane mako, duba da kyau, ranar kasuwa ce, ana tafiya da shi ko an bar masa ƙani. Wanda ya ɓace mako biyu a Oktoba, ko kaka ce ta tafi da gidan gona, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi. Kowanne da irin maganar da za a yi da iyayensa.

Ga wani kuma. Madam ta rubuta a Nuwamba: "Na kira shi daga baya bai waiwayo ba." A Disamba: "Yana kallon bakina in ina magana." A Janairu: "Sai ya ga abin da 'yan uwansa suka yi sannan ya yi." Kowane layi shi kaɗai ba komai ba ne. In an jera su, wannan yaro ba taurin kai gare shi ba, kunne ne, a kai shi likita. Mu da muke zaune a yankin sanƙarau, wanda ya sake ɓulla a jihar nan a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, mun san yakan bar yaro da raunin ji, haka ma ciwon kunne mai ruwa da aka yi sakaci da shi. Yara nawa aka yi ta duka a kan "ba ya jin magana", alhali da gaske ba ya ji?

Haka yarinyar da ta zo daga ruga, wata biyu ba ta ce uffan ba a aji. Kafin a rubuta cewa ba ta magana, a saurare ta a filin wasa tare da 'yar uwarta. In Fulatanci na zuba, to bakinta lafiya lau, Hausa ce take kan koya, Faransanci kuma na jiran ta a gaba. Shi ya sa a shafin kowane yaro, bayan suna, abu na farko da za a rubuta shi ne harshen da ake yi a gidansu. Kuma a rubuta abin da yaro ya faɗa da harshen da ya faɗe shi. Ba mu da dalilin jin nauyin haka. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Rubutun da uwa ba za ta gane ba ko an karanta mata, na sufeto ne, ba na yaro ba.

Yanzu maganar amana, kuma a nan zan ɗan ɗaga murya. Shafin yaro sirrinsa ne. Akwai ciwonsa a ciki, akwai rauninsa, wani lokaci har da halin gidansu. Ba a ɗaukar hoton ɗan mutane sai an tambayi iyayensa, kuma in sun ce a'a, a'a ce, ba za a kore shi ko a canza masa fuska ba. Sau da yawa ma ba a bukatar fuskar: a ɗauki hannun da zanen, ko ƙwallayen da ya jera. Ba a zuba labarin yaro ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye gaba ɗaya. Zaure na sanarwa ne, gobe babu lakwal, jibi akwai taro. Maganar cewa wane yana fitsarin wando, ko wance ba ta gane ba, tsakanin madam da uwar ne, baki da baki ko ta saƙon murya zuwa gare ta ita kaɗai. A gari irin namu, in aka laƙaba wa yaro suna yana shekara 5, da shi zai yi aure. Ba a ɗora hotunan 'yan aji a Facebook ko TikTok don a nuna ana aiki. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma yaro ma mutum ne a gaban wannan doka. Duk ƙungiyar da ta kawo manhaja, kwamitin lakwal yana da haƙƙin ya tambaye ta: ina bayanan suke tafiya, wa yake iya buɗewa, yaushe za a goge? Waya kuma a sa mata lambar sirri, domin wayar madam da yamma a hannun 'ya'yanta take.

Wani abin da ba a cika tunawa ba sai ya faru: canjin wurin aiki. An yi shekara ana tara bayanai a wayar madam, lokacin hutu takarda ta fito, an mayar da ita Magarya ko Tanut. Waya ta bi mai ita, sabuwar malama ta fara daga babu. Saboda haka, ko waya ce ko kaye, ya zama na lakwal, a hannun darakta da kwamiti. A ƙarshen shekara a fitar wa kowane yaro takarda ɗaya, rabin shafi ma ya isa, a miƙa wa mushen da zai karɓe shi a CI, ajin farko na firamare, a karanta wa iyaye tasu. Mushen CI da ya san tun ranar farko wa ya iya riƙe alli, wa yake bukatar zama a gaba saboda kunne, ya tsallake wahalar wata biyu.

Me ya sa muke ta da jijiyar wuya a kan yara 'yan shekara 4 da 5? Binciken PASEC da ake yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ya nuna a 2014 cewa, cikin yaranmu da suka kai ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. A 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen kashi 30. An motsa, amma har yanzu yawanci suna baya, kuma yaron da ya kai CM2, ajin ƙarshen nan, bai iya karatu ba, ba a CM2 ya ɓata ba. Tun a ƙasa aka wuce shi ba wanda ya lura. Mafi yawan yaran karkara ma ba sa samun shiga jardan. Waɗanda suka samu, bai kamata su yi shekara biyu suna rera waƙa kawai ba, a fito ba a san abin da ya zauna ba.

Jardan da yawa a ƙauyukanmu jama'a ne suka kafa su da kansu, ta hannun kwamitocin COGES da suka bazu a ƙasar nan tun shekarun 2000, ku kuka haɗa kuɗin tabarma da randa, wani wuri har da ɗan abin da ake ba malama. To 'yan kwamiti, da ƙungiyar iyaye mata masu kula da karatu, ga roƙonmu. A zamanku na gaba ku sa wannan magana a ajanda. Ku saya wa madam kaye mai kauri da biro biyu. Ku ba ta rabin awa bayan an tashi, a samu uwa ɗaya ta tsaya da yaran da ba a zo ɗauka ba. Ku tsayar da rana ɗaya a wata da darakta zai zauna da ita su buɗe shafukan tare. In akwai mai niyyar kawo muku manhaja, ku ce bismilla, amma ta yi Hausa, ta yi aiki ba rezo, kuma bayanan su zauna a hannun lakwal.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Malaman jardan da suka riga suka fara irin wannan rubutu, muna son jin yadda kuke yi, ku aiko mana ta gidan rediyon nan, ba tare da sunan kowane yaro ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba malamansu lada. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.